Tuba, Gwajin Jini da Haƙƙin Matar Gida

Akwai tambayar da ba a yin ta a zauren karatu, ba a kuma aika ta filin fatawa na rediyo da sunan mai ita, amma malamai da ma'aikatan asibiti sun san tana nan. Magidanci ne ko saurayi, daga Batsari ko Ruma ko Runka ta ƙasar Safana, ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal, ko ma dai ya yi kwana biyu a Katsina, zuciya ta rinjaye shi ya je wurin mace mai zaman kanta. Ya sa kwaroron roba, robar ba ta fashe ba, ba ta zame ba. Ya dawo gida barci ya ƙaurace masa. Yana duba harshensa a madubi, yana laluba wuyansa da hammatarsa ko kaluluwa ta fito, ɗan zazzaɓi kaɗan sai ya ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Abu biyu yake son sani, sai dai tsoro ya cuɗe masa su: shin na kamu da ƙanjamau, kuma shin Allah Ya yi fushi da ni? A ganina duk wanda ya ba shi amsa ɗaya a kan waɗannan tambayoyi biyu ya cuce shi, ya kuma cuci matar da ke jiransa a ɗaki. Ta farko ilimin likita ke amsa ta, ta biyu kuwa hanyarta tuba. Wuri guda kawai suka haɗu, wato haƙƙin wanda zai iya cutuwa ta dalilinsa, kuma a nan ne gwajin jini yake tashi daga shawarar asibiti ya zama wajibi.

Mu fara da abin da ake iya ƙirgawa. Ƙwayar HIV ba ta ratsa roba mai kyau da aka sa tun farkon saduwa har ƙarshenta. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa idan namiji ya sadu ta gaba da macen da tabbas tana ɗauke da ƙwayar, babu roba, to cikin saduwa 10,000 kusan 4 ne ke ƙarewa da kamuwa. Wani nazari na 2009 da ya tattara bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya sami adadin da ya kusa ninka wannan sau goma, kuma an san gyambon al'aura da ciwon sanyin da ba a yi wa magani ba suna buɗe wa ƙwayar ƙofa. Sannan ba kowace mai zaman kanta ce ke da ita ba. Binciken gwamnatin tarayya na 2014 ya same ta a jikin kashi 19.4 cikin 100 na matan da ke zaune a gidajen karuwai, da kashi 8.6 na waɗanda ba a gidajen suke ba. A cikin ma'auratan da ɗaya ke da ƙwayar, waɗanda suka ce kullum da roba suke saduwa, kamuwa ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100, kuma wannan lissafi ya haɗa har da ranakun da roba ta fashe ko aka sa ta ba daidai ba. In mutum ya ɗauki adadi mafi muni a kowane mataki, mace ɗaya cikin biyar, haɗarin da aka ninka goma, ragin kashi 80 kacal, abin da zai fito bai kai ɗaya cikin dubu shida ba. Ga kuma kaciya, wadda gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 suka nuna tana rage kamuwar namiji da kusan kashi 60 cikin 100. Wanda robarsa ta tsaya lafiya daga farko har ƙarshe, haɗarinsa ya yi ƙasa da duk wannan nesa ba kusa ba.

Madubi kuwa ba ya gaya wa kowa gaskiya a wannan sha'ani. Alamun farkon kamuwa, in sun zo, suna zuwa ne bayan mako biyu zuwa huɗu: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje, kumburin kaluluwa. Da yawa ba sa jin komai. Wanda ya zauna a ƙasar Katsina da damina ya san cewa wannan jeri bai bambanta da zazzaɓin cizon sauro ko taifot ko mura ba, kuma fargaba kaɗai ta isa ta hana mutum cin abinci ta ramar da shi. Kafson da wasu ke saya a kemis su haɗiye bayan sun fito, wai don wanke jini, ba ya taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan. Gwaji ne kawai ke raba gardama, shi ma sai an ba shi lokacinsa. Wanda aka fi yi a asibitocinmu, a huda yatsa a ɗiga jini a kan ɗan tsinke a jira kamar minti ashirin, yana neman martanin da jiki ya mayar wa ƙwayar ne, kuma martanin yana iya ɗaukar kwana 23 zuwa 90 kafin ya bayyana. Gwajin babban ɗakin bincike yana iya ganowa tsakanin kwana 18 zuwa 45. Layi ɗaya a kan tsinken, wato babu, washegarin ɓarna labarin watannin baya yake bayarwa. Layi biyu kuma ba a yanke hukunci da shi sai an maimaita da wani gwajin daban. In roba ta fashe, ko ba a sa ba, akwai maganin kariya da ma'aikatan lafiya ke kira PEP, wanda dole a fara cikin sa'o'i 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, a sha kwana 28 ba fashi. Kuma kada a manta roba ba ta rufe dukan fata, don haka tunjere na iya wucewa inda HIV ba ta wuce ba.

Na san abin da mai kishin addini zai ce a nan, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Zai ce: ka ɗauki alƙalami ka lissafa wa mazinaci cewa haɗarinsa ƙanƙane ne, ashe ba ka cire masa takunkumi na ƙarshe ba? Tsoron ƙanjamau ya tsare samari da yawa waɗanda wa'azi bai tsare ba, me ya sa za ka rushe katangar da ke aiki? Amsa ta farko ita ce, katangar ba ta Allah ba ce. Ayar Suratul Isra'i da ta hana kusantar zina ta kafa hanin a kan cewa alfasha ce kuma mummunar hanya, tun kusan ƙarni goma sha huɗu kafin likitocin Amurka su ba da rahoton wannan ciwo a 1981. In muka koya wa yara cewa zina haramun ce saboda tana kawo cuta, mun koya musu a fakaice cewa ranar da aka sami abin da ke tare cutar haramcin ya faɗi, kuma abin yana nan a kowane kemis. Amsa ta biyu ta fi wannan nauyi. Mafi yawan waɗanda suka yi irin wannan ɓarna za su je gwaji su ga ba su da komai, lissafin da ya gabata ya nuna haka. Mutumin da aka raina a kan cewa cutar ita ce bulalar Allah, me zai fahimta da layi ɗaya? Zai fahimci an sallame shi. Zai fito daga asibiti yana hamdala irin ta wanda alƙali ya wanke, alhali zunubinsa na nan yadda yake, ba a rage masa ko ƙwayar zarra ba. Wa'azin da ya jingina da tsoron cuta yana samar da mai nadamar wata uku, wanda tubarsa ke ƙarewa ranar da sakamako ya fito.

Ban da haka, ƙarya ba ta zama halal don an yi ta da niyyar tsare mutane. Malamin da ya ce wa mai tambaya roba ba ta hana komai, ko ma'aikacin lafiyar da ya ƙara gishiri don ya razana shi, ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma saurayin yana da waya a aljihu, zai bincika. Ranar da ya gano an ruɗe shi a kan roba, zai fara shakkar sauran abin da aka gaya masa, har da wanda yake gaskiya. Mafi muni, wanda aka tabbatar wa roba banza ce, in ya koma, zai koma ba tare da ita ba. Malaman usulu sun daɗe da sanin cewa in ɓarna biyu suka haɗu ana kauce wa babbar, kuma zina da ta tsaya kan mai yin ta ba daidai take da zinar da ta biyo shi gida ta kama mata biyu da jariri ba. Faɗin haka bai halatta ko ɗaya ba.

Sai hujja ta biyu ta mai kishin addini, wadda ta fi shiga zuciya saboda tana da nassi. Ibn Majah ya ruwaito hadisin da ke gargaɗin cewa duk al'ummar da alfasha ta bayyana a cikinta har ana yin ta a fili, annoba da cututtukan da magabatansu ba su sani ba za su yaɗu a cikinsu. Da wuya a yi wa'azi kan ƙanjamau a ƙasar Hausa ba a kawo shi ba. Ban ga dalilin musun cewa yaɗuwar zina na yaɗa cututtukan saduwa ba, likita ma haka zai ce. Amma hadisin al'umma yake magana a kai, bai ba kowa izinin nuna wani mutum guda ya ce wannan ciwon nasa hukuncin zunubinsa ne ba. Suratul Anfal ta yi gargaɗi da fitinar da in ta zo ba azzalumai kaɗai take samu ba. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan hijira ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrah, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ta ɗauke Mu'azu ɗan Jabal. A yau ma, duba su wa ke kan layin karɓar magani. Akwai matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta. Akwai yaron da ya sha a nono, domin in uwa ba ta shan magani, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran kan kamu, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan irin waɗannan jarirai a duniya. Akwai wanda aka ƙara wa jinin da ba a tantance ba. In cutar awo ce na zunubi, to ma'aunin ya karkace ƙwarai, tunda yana tsallake mai zuwa gidan magajiya da roba a aljihu ya faɗa kan jaririn da bai san komai ba. Allah Ya tsarkaka daga zalunci, saboda haka kuskuren na mai karanta cutar ne a matsayin hukunci.

Wannan kuskure yana da farashi, kuma a yammacin Katsina an san wanda ke biya. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, suna cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. Ƙauyuka sun watse, mutane sun kwarara garin Batsari da Dutsin-ma da Katsina, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Cikin abin da aka yi wa mata a waɗannan shekaru akwai fyaɗe, a gida da kuma a daji wurin waɗanda aka sace. Matar da aka yi wa haka tana da sa'o'i 72 ta isa inda za a ba ta maganin kariya. In garin ya riga ya yanke cewa ƙanjamau ciwon 'yan iska ne, kunya za ta zaunar da ita a ɗaki har kwana ukun su wuce, danginta ma za su taya ta ɓoyewa. Shari'a kuwa ba ta san sakamakon gwaji a matsayin shaidar zina ba. Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu, ta kuma tanadi bulala tamanin ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba. Ko ciki, wanda mazhabar Malikiyya ke ɗauka hujja a kan macen da ba ta da aure, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ba ta ga ya isa ba a shari'ar Amina Lawal, ta sallame ta a Satumban 2003. Ina ga ƙwayar cutar da ke da hanyoyin shiga jiki da yawa? Mai cewa wance tana shan maganin nan, ai ka san abin da ta yi, ya kamata ya san a bakin wane rami yake tsaye.

To mu koma kan mutumin namu. Abin da addini ya fara ba shi shi ne sutura. Ba a neme shi ya je ya tona kansa gaban liman ko Hisba ko surukai ba. Lokacin da Ma'izu ya zo yana iƙirarin ya yi zina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kawar da kai, daga baya kuma ya nuna wa Hazzal, wanda ya ba shi shawarar zuwa, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahama. Duk wannan nasa ne, kuma wanda ya hana shi wannan ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata. Sai dai mutane da yawa suna jan bargon sutura har ya rufe abin da ba a yi shi dominsa ba. Imam Nawawi, a babin tuba na Riyadus Salihin, ya kawo sharuɗɗa uku ga zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wato dainawa, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, sannan ya ƙara na huɗu in zunubin ya shafi ɗan Adam: a sauke haƙƙinsa. Mutumin da ya yi istigfari dubu, ya yi sadaka, ya yi azumi, sannan ya shiga ɗakin matarsa bai san abin da ke jininsa ba, ya cika uku ya bar na huɗu. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda kowane ɗalibin Arba'una ya haddace, bai keɓe miji ba.

Fiƙihunmu ma bai taɓa ɗaukar lafiyar abokin zama abin wasa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Katsina tun kaka da kakanni, ta lissafa hauka da kuturta da albaras da ciwon al'aura cikin aibobin da ake mayar da aure saboda su. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta ce wanda ya kamu cikin ma'aurata wajibi ne ya sanar da ɗayan, kuma a zaman Abu Dhabi na 1995 ta haramta yaɗa cutar da gangan, ta ba mace damar neman rabuwa, ta kuma ce ba a wajabta killace mai cutar ba tunda zaman tare da cin abinci tare ba sa yaɗa ta. A lura da iyakar: abin da ya wajaba a faɗa shi ne cutar, in an same ta. Yadda aka same ta yana nan ƙarƙashin sutura. Jihar Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Mayun 2024, kuma tun auren zawarawa na 2012 Hisbar Kano ke gwada angwaye da amare. Abu ne mai kyau, amma takardar gwajin ranar ɗaurin aure take karewa. Daga ranar da aka kai amarya har tsufanta, babu dokar da ke tsakaninta da abin da miji zai kwaso a tafiya, sai tsoron Allahnsa.

Mai hankali zai iya kama ni a nan ya ce: kai da bakinka ka ce haɗarin bai kai ɗaya cikin dubbai ba, yaya kuma za ka wajabta gwaji a kan abin da ya kusa zama babu? Ai shari'a ba ta gina hukunci a kan abin da ba kasafai yake faruwa ba. Dalilina uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi shi ne, lissafin nan ya dogara ne da shaidar mutum guda a kan daren da yake cikin gaggawa da duhu da ruɗu, wataƙila ma da maye, kuma shi ne mai amfana in shaidar ta yi kyau. Ba a karɓar irin wannan shaida a kan haƙƙin wani. Na biyu, wanda ya firgita yau sau da yawa ba yau ya fara ba, kuma mai yiwuwa bai taɓa gwaji ba a rayuwarsa. Binciken ƙasa na 2018 ya sa Katsina cikin jihohi mafi ƙarancin cutar, kusan mutum 3 cikin 1,000, alhali Akwa Ibom da Binuwai suna wajen kashi 5 cikin 100, amma ɗan cin rani ba a Safana ya yi ɓarnarsa ba, kuma ƙarancin cuta a gari yana sa mutane su daina tunanin gwaji sam. Na uku, wahalar gwajin ɗigon jini ce, kyauta a asibitin gwamnati, wadda za ta ɗauki haɗarin kuma ba a shawarce ta ba. Mutum na iya yin kasada da ransa ya ce ƙanƙanuwa ce. Ba shi da wannan iko a kan ran uwargida.

Inda abin yake da wuya da gaske shi ne watanni ukun jira, kuma ba zan ce yana da sauƙi ba. Wanda ya tabbata robarsa ta tsaya, likita ba zai ce lalle ya ƙaurace wa iyalinsa ba, ko da yake yin taka-tsantsan ya fi. Amma wanda tasa ta fashe, ko yake kokwanto, ko bai sa ba, dole ya dakata ko ya sa roba a gida, domin makonnin farkon kamuwa su ne lokacin da ƙwayar ta fi yawa a jini ta fi saurin yaɗuwa. To yaya mai mata biyu zai yi wata uku haka ba a tambaye shi ba? Malikiyya sun wajabta adalci a rabon kwana, ba su wajabta saduwa a kowane kwana ba matuƙar ba cutarwa ake nufi ba, don haka zai iya raba kwanansa yadda ya saba. Ko wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, wata huɗu Suratul Baƙara ta ba shi, kwana 90 kuwa bai kai nan ba. Roba a gida tana buƙatar yardarta, kamar yadda Imam Malik ya shardanta izinin mace kafin a yi azalu. Yana iya cewa malamin asibiti ya ce in dakata sai an sake duba jinina, kuma in ya je asibitin da gaske bai yi ƙarya ba. Za ta yi zargi? Mai yiwuwa, mata ba yara ba ne. Amma zargin da zai sha na wata uku shi ya jawo wa kansa, kuma ya fi sauƙi a kan ranar da za a gaya mata a wurin awon ciki.

Masu cewa in Allah Ya ƙaddara ba makawa, gwaji ba ya ƙara kwana, Sayyidina Umar ya riga ya amsa musu a Sarg, lokacin da ya juya da jama'a daga shiga Sham saboda annoba, ya nuna wa Abu Ubaida cewa gudun ma cikin ƙaddarar yake. Abin da ke ƙarƙashin wannan magana galibi tsoro ne ya sa rigar tawakkali, kuma tsoron na zamanin da ne, lokacin da sakamako ke nufin a fara shirin likkafani. Yau mai cutar ƙwaya ɗaya yake sha a rana. Binciken da aka fitar a 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗa ta ga abokin aure da kashi 96 cikin 100, binciken da ya biyo baya a Turai kuma bai sami ko mutum ɗaya da ya kamu daga wanda magani ya danne ƙwayarsa har gwaji ba ya ganinta ba. Yana aure, yana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, yana noma gonarsa. Wanda ke mutuwa yanzu shi ne wanda bai sani ba sai da tarin fuka ya kwantar da shi.

Akwai kuma wadda ake mantawa da ita a duk wannan lissafi, wato ita mai zaman kantan, ko a tuna da ita a matsayin rijiyar da aka ɗebo cuta kawai. A ƙiyasin CDC ɗin nan, haɗarin mace a saduwa ɗaya ninki biyu ne na namiji, 8 cikin 10,000, kuma ita ba mutum ɗaya take gani ba. Wani namiji ne ya kai mata, sau da yawa wanda ya ƙara kuɗi don a ajiye roba. Zunubinsu ɗaya a shari'a, amma shi ya koma gida ana ce masa maigida sannu da zuwa, ita kuwa sunan ya bi ta har kabari. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin karuwar Bani Isra'ila da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare ruwa, abin da ya isa ya hana kowa rufe mata ƙofar da Allah bai rufe ba. Ta fuskar lafiya ma, in ta sami gwaji da magani ba tare da tsoron kamu ko tozarci ba, ƙwayar ta danne, matan aure da yawa da ba su san da ita ba sun tsira. Hisba na da hurumin hana ɓarna a fili. Rajistar asibiti kuwa ba wurinta ba ne, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, dokar tarayya ta 2014 kuma ta hana nuna wa masu cutar wariya da fallasa sakamakonsu.

In kwana 90 sun cika gwaji ya nuna babu, maganar cuta ta ƙare. Wasu ba sa iya yarda. Su sake a Dutsin-ma, su sake a Katsina, su ce wataƙila tsinken ya lalace, wataƙila tasu irin wadda ba ta fitowa ce. Wannan waswasi ne, kuma fiƙihu ya san shi: wanda kokwanto ya aura a alwala ko salla, Malikiyya cewa suka yi ya yi watsi da kokwanton ya ci gaba, don biye masa ƙara masa ƙarfi yake yi. Abin da ke cin irin wannan mutum laifi ne da bai sami inda zai ajiye shi ba, yake ta kai shi ɗakin gwaji, inda ba a karɓar irinsa. Malamin da ya zo wa da wannan, yana sunkuyar da kai yana cewa Allah gafarta malam wani abokina ne ya shiga wani hali, ya kamata ya gane, kada ya tsananta tambaya, ya tura abokin asibiti in bai je ba, in ya je kuma ya karantar da shi babin tuba.

Saura abu guda, wanda ba a wuyan mai laifin yake ba. Ƙa'ida ce sananniya cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ba a cewa mutum ya yi gwaji a asirce a garin da mai riƙe da tsinken gwajin maƙwabcinsa ne ko ƙanin matarsa, sai in an tabbatar masa bakin ma'aikacin a rufe yake, ko an wadata kemis da kayan gwajin da mutum ke yi wa kansa a ɗaki. Ba a cewa mace ta isa asibiti cikin sa'o'i 72 daga ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa bayan la'asar, ko a irin watannin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar daga Satumban 2021, Batsari da Safana a ciki. Kaso mai yawa na maganin da ake rabawa kyauta kuma da kuɗin shirin PEPFAR na Amurka ake sayensa tun bayan kafa shi a 2003, kuma dakatar da tallafin waje da gwamnatin Amurka ta yi a Janairun 2025 ya nuna igiyar ba a hannunmu take ba. Ajiye maganin kariya na kwana 28 da kayan gwaji a asibitin Batsari da ƙananan asibitocin ƙasar Safana, da ma'aikacin da ya san aikinsu ko da tsakar dare aka zo, nauyi ne a kan gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, kuma limaman Juma'a na da bakin da za su tambaye su a kai.